Farashin Dogo A Kasuwar Ƙwallon Kwando: Abin Da Ya Kamata Iyaye Da 'Yan Kasuwar Arlit Su Sani

Duk wanda ya daɗe yana kasa kaya a kasuwar Arlit ko ta Akokan ya san cewa buƙatar mai saye ce ke yanke wa kaya daraja, komai kyansu kuwa. Mun ga haka a kan yuraniyom ɗin da ke ƙarƙashin ƙasarmu. A tsakiyar shekarar 2007 laba guda, wato abin da bai cika rabin kilo ba, ta haura dalar Amurka 130 a kasuwar duniya. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a Japan cikin watan Maris na 2011 sai kasuwa ta juya baya, aka jingine aikin Imuraren a 2014, kafin ƙarshen 2016 laba ta faɗo ƙasa da dala 20. Kamfanin Cominak ya rufe a ƙarshen Maris na 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi, masu tuwo da masu shaguna da masu gidajen haya suka ji a jikinsu. Sai ga shi a watan Janairun 2024 laba ta sake haura dala 100. Dutsen bai canja ba ko kaɗan a tsawon waɗannan shekaru.

Mun kawo wannan misali ne saboda wata kasuwa da matasanmu suka fara sa wa ido, wato kasuwar 'yan ƙwallon kwando. A yau ba wuya ka tarar da yaro ya kwana ido biyu yana kallon gasar NBA ta Amurka a wayar salula, domin lokacin da ake wasan a can dare ya raba a nan. Ba wuya kuma uwa ta ji maƙwabta suna cewa ɗanta mai tsawo kamar raƙumin dawa ya kamata a kai shi waje, wai tsawo kuɗi ne. Kafin wata baiwar Allah ta sayar da awakinta ko ta kwashe kuɗin adashinta a kan wannan magana, ya dace mu duba yadda masu sayen dogayen 'yan wasa ke yin lissafinsu, domin su ma 'yan kasuwa ne irinmu, jarinsu ne kawai ya fi namu.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum biyar ne ke shiga fili daga kowane ɓangare, kwandon kuma yana rataye a tsayin mita 3.05. Wanda ya fi kowa tsawo, shi ake ajiyewa kusa da kwando, ana kiransa ɗan tsakiya ko mai lamba biyar. Aikinsa na asali uku ne. Ya kaɗe ƙwallon abokan hamayya kafin ta shiga, ya cafke wadda ta bugi bakin kwando ta dawo, sannan ya yi amfani da ƙarfinsa ya zura ƙwallo daga kusa. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar NBA, kowacce da 'yan wasa 15, kuma akwai doka da ta ƙayyade jimillar albashin da ƙungiya za ta biya a shekara. A kakar 2025 zuwa 2026 an tsayar da wannan iyaka a kan kusan dala miliyan 155, wanda ya wuce ta da yawa kuwa akwai tara da takunkumi. Ma'anar wannan ita ce, duk kuɗin da aka zuba a kan ɗan tsakiya an rage shi ne daga na sauran, kamar yadda mai shago da ya cika rumbunsa da shinkafa zai rasa na sayen mai da sukari.

A shekarun baya ba a ma yin wannan dogon tunani. Daga 1960 zuwa 1980 an ba da kyautar gwarzon shekara sau 21, kuma sau 20 'yan tsakiya ne suka ɗauka, irin su Bill Russell da Wilt Chamberlain da Kareem Abdul-Jabbar. Shi ya sa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 ƙungiyar Houston, wadda ita ce ta farko a layi, ta ɗauki Hakeem Olajuwon haifaffen Legas, alhali Michael Jordan yana nan, sai a na uku Chicago ta ɗauke shi. Har yau ba a cika samun mai zargin Houston ba, domin Olajuwon ya kawo mata kofi a 1994 da 1995, kuma ya yi suna da buga wasa da azumi a bakinsa cikin watan Ramadan. Wadda ake yi wa dariya ita ce Portland, da ta ɗauki wani dogo mai suna Sam Bowie a na biyu, ciwon ƙafa ya hana shi sakat. Portland ta sake faɗawa wannan rami a 2007, ta ɗauki Greg Oden ta bar Kevin Durant, kuma wasa 105 kacal Oden ya buga a duk zamansa a gasar. A 2009 Memphis ta ɗauki Hasheem Thabeet ɗan Tanzaniya mai mita 2.21 a na biyu, ta bar James Harden da Stephen Curry. Duk waɗannan ƙungiyoyi sun sayi tsawo ne da ido rufe, bisa tunanin cewa sauran abubuwa ana koyarwa amma tsawo sai wanda Allah Ya ba.

To me ya karya farashin? Lissafi ne wanda kowace mai awon hatsi za ta gane. Tun 1979 aka shata wani layi mai nisan kimanin mita bakwai daga kwando, wanda duk ya jefa daga bayansa ta shiga, maki uku ne, na cikinsa kuma maki biyu. Idan dogo ya jefa sau 100 daga kusa, 50 suka shiga, ya samo maki 100. Idan gwanin jifa ya jefa sau 100 daga nesa, 36 kawai suka shiga, ya samo maki 108. An daɗe ba a ɗauki wannan da muhimmanci ba. A shekarar farko ƙungiya ba ta kai jifa uku daga nesa a wasa guda, a 2010 ana yin kimanin 18, amma a kakar 2024 zuwa 2025 abin ya haura 37. Canjin dokoki ya ƙara wa abin gishiri. A 2001 aka halatta wa masu tsaron gida su taru a kan mutum guda, wanda hakan ya takura dogon da ke jiran ƙwallo a gindin kwando, a 2004 kuma aka tsananta hana dafa mai ƙwallo da hannu, gajeru masu gudu suka samu sarari.

Babbar matsalar ta fito ne ta wajen tsaron gida. Masu horarwa sun gano cewa idan kowa a cikin 'yan wasansu biyar ya iya jifa daga nesa, dole dogon abokan hamayya ya bar gindin kwando ya fito fili ya bi su, kuma mai nauyin kilo 120 ba zai iya tseren gudu da yaro mai kilo 85 ba. Idan ya fito a wuce shi, idan ya tsaya a jefa ta samansa. Da wannan dabara Golden State ta ci kofin 2015, inda a tsakiyar wasannin ƙarshe ta ajiye dogonta Andrew Bogut a benci ta sa Draymond Green, wanda da ƙyar ya kai mita biyu, ya tsaya a gurbinsa. Tun a 2012 ma hukumar gasar ta cire sunan ɗan tsakiya daga takardar da 'yan kallo ke zaɓen taurarin shekara. Roy Hibbert na Indiana, mai mita 2.18, yana cikin taurarin 2014, amma zuwa 2017 babu ƙungiyar da ke son sa, yana da shekara 30 kacal. Bayan Shaquille O'Neal a 2000, an yi shekara 20 cur babu ɗan tsakiyan da ya zama gwarzon shekara.

Akwai kuma waɗanda suka yi saye a lokacin da bai dace ba. A 2016 kuɗin talabijin ya shigo, iyakar albashi ta tashi daga dala miliyan 70 zuwa 94 a dare ɗaya, shugabannin ƙungiyoyi suka shiga kasuwa kamar ma'aikacin da aka biya bashin wata shida. Lakers ta ba Timofey Mozgov dala miliyan 64 na shekara huɗu, New York ta ba Joakim Noah miliyan 72, Orlando ta ba Bismack Biyombo ɗan Kwango miliyan 72. Shekara guda bayan haka sai da Lakers ta haɗa da matashinta D'Angelo Russell a matsayin gyara kafin Brooklyn ta yarda ta karɓi Mozgov da nauyin albashinsa. New York kuwa ta sallami Noah a 2018 amma ta ci gaba da biyansa har 2022. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa cika sito da kaya ana gab da faɗuwar farashi ya san irin wannan ciwon kai.

Sai dai masu iya magana sun ce kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma waɗanda suka yi gaggawar cewa zamanin dogo ya wuce su ma sun ji kunya. A Fabrairun 2020 Houston, gidan Olajuwon, ta sayar da ɗan tsakiyanta Clint Capela ta koma wasa da P.J. Tucker mai mita 1.96 a gurbinsa. Da suka haɗu da Lakers mai Anthony Davis a zagaye na biyu, wasa ɗaya suka ci cikin biyar. Shekara guda kafin nan, wani da ya tashi a Zariya ya nuna wa duniya yadda ake sayen dogo da hankali. Masai Ujiri, shugaban ƙungiyar Toronto a lokacin, ya duba ya ga cewa hanyarsa ta zuwa kofi za ta bi ta kan Joel Embiid ɗan Kamaru na Philadelphia. A Fabrairun 2019 sai ya ba da Jonas Valanciunas da wasu 'yan wasa ya karɓo Marc Gasol daga Memphis, dattijo mai shekara 34 wanda ya san tsaron gida, ya iya miƙa ƙwallo, ya kuma iya jifa daga nesa. Gasol ya hana Embiid rawar gaban hantsi a yawancin wasannin, Toronto ta wuce a wasa na bakwai, ta kuma ɗauki kofinta na farko a watan Yuni. Ujiri ya san takamaiman aikin da yake so a yi masa kafin ya shiga ciniki.

Daga 2021 kasuwa ta sake juyowa. Nikola Jokic ɗan Sabiya, wanda sai a na 41 Denver ta ɗauke shi a 2014 saboda ana ganin ya cika jiki kuma ba ya tsalle, ya zama gwarzon shekara a 2021 da 2022 da 2024, ya ci kofi a 2023, shekarar da Embiid ya karɓi kyautar gwarzon. Jokic yana da mita 2.11, amma shi ne ke raba wa 'yan uwansa ƙwallo kamar madugu, kuma a 2022 ya sa hannu a kwantiragin da ya haura dala miliyan 260 na shekara biyar. A wannan shekarar ce Minnesota ta ba Utah 'yan wasa biyar da damar zaɓenta na zagayen farko na shekara huɗu domin ta samu Rudy Gobert ɗan Faransa, wanda sau huɗu ana zaɓensa gwanin tsaron gida. A 2023 San Antonio ta ɗauki Victor Wembanyama a na farko, Bafaranshe mai tushe a Kwango, wanda ya haura mita 2.20 amma yana tafiya da ƙwallo da jifa daga nesa kamar gajere.

Abin da ya faru a 2024 da 2025 ya ƙara fito da lamarin fili. Oklahoma ta sha kashi a hannun Dallas a 2024, kuma kowa ya ga inda take yoyo, wato cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando. A watan Yuli ta ba Isaiah Hartenstein dala miliyan 87 na shekara uku, abin da ya haura miliyar 45 na kuɗin sefa, ta haɗa shi da dogonta Chet Holmgren, a Yunin 2025 ta ɗauki kofi. Ita kuwa Lakers a Fabrairun 2025 ta ba da Anthony Davis ta karɓo Luka Doncic, ta nemi sayen wani ɗan tsakiya mai suna Mark Williams amma ta fasa bayan likitocinta sun duba shi. Ta shiga wasannin fitar da gwani ba ta da dogon kirki, Minnesota ta fitar da ita, inda a wasan ƙarshe Gobert shi kaɗai ya ci maki 27 ya cafke ƙwallo 24. Domin toshe wannan kafa sai Lakers ta ɗauko Deandre Ayton a kan kimanin dala miliyan takwas a shekara. Wannan Ayton shi aka ɗauka a na farko a 2018, a zaɓen da Doncic ya zo na uku.

Idan muka tattara waɗannan, za mu ga kasuwar dogo ta rabu kashi uku kamar yadda ake ware hatsi. Akwai na ɗaya, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, masu tsawo da basira da iya jifa da raba ƙwallo, su ne ake ba duk abin da doka ta yarda. Akwai na biyu, masu tsaron kwando da saurin ƙafa da za su iya fita fili su dawo, irin su Hartenstein da Myles Turner wanda Milwaukee ta ba dala miliyan 107 a Yulin 2025. Sai na uku, masu tsawo kaɗai, waɗanda ake ɗauka da mafi ƙarancin albashi a kuma canja su duk shekara, domin irinsu sun yi yawa a kasuwa. Ko a cikin na ɗaya ma akwai kasada, saboda gwiwa da ƙafar mai irin wannan jiki ba su cika jure wahala ba. Philadelphia ta ƙara wa Embiid kwantiragin kusan dala miliyan 193 a Satumbar 2024, amma wasa 19 kawai ya buga cikin 82 na wannan kaka.

Ina wannan ya shafe mu, mu da ke kilomita sama da dubu daga Yamai? Ya shafe mu domin Afirka na cikin wuraren da masu farautar dogaye suka fi zuba wa ido. Charles Bassey yana yaro ɗan shekara 12 yana sayar da soyayyar kaza a bakin titi a Legas wani mai horarwa ya hango shi, a 2021 Philadelphia ta ɗauke shi. Khaman Maluach ɗan Sudan ta Kudu ya tashi a matsayin ɗan gudun hijira a Yuganda, ya samu horo a makarantar NBA da ke Saly a Senegal, ya buga gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL wadda aka fara a Kigali a 2021, ya yi shekara guda a jami'ar Duke, a 2025 aka ɗauke shi a na goma. Mata ma ba a bar su a baya ba, domin 'yan matan Najeriya sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, sun kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik na Paris a 2024, kuma cikin dogayensu akwai Murjanatu Musa. A nan gida mun ga abin da tsawo ya yi wa Abdul Razak Alfaga da ya haɗu da horo, lokacin da ya ciyo wa Nijar azurfa a taikwando a Rio a 2016.

Irin waɗannan labarai ne macuta ke riƙewa su shiga gidaje. Mutum zai zo da hotuna a waya ya ce yana da hanya a Turai ko Amurka, a kawo kuɗin fasfo da na biza da na jirgi. Muna jan hankalin iyaye cewa ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke kashe masa kuɗi, kuma duk waɗanda muka ambata sun bi ta hannun masu horarwa da makarantu da sansanonin da aka sani, irin na Giants of Africa da Ujiri ya kafa a 2003. A yankinmu akwai hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa a Yamai, akwai ƙungiyar Nigelec da ta wakilci Nijar a wasannin neman shiga BAL, a Kano kuma akwai Kano Pillars da ta sha ɗaukar kofin Najeriya. Duk wanda ya zo da alkawari, a tambaye shi wace hukuma ta san da shi, a kuma bincika kafin a fitar da ko dala ɗaya. A tuna kuma kujerun NBA 450 ne ga duniya baki ɗaya, sababbi 60 ake zaɓa a shekara, don haka yaron da aka cire daga makaranta saboda wannan buri an yi caca da rayuwarsa.

Ga masu horar da yara a Arlit da Akokan da Agadas da Cirozerin, darasin a bayyane yake. Kada a ajiye yaro a gindin kwando don kawai ya fi sa'o'insa tsawo. A koya masa tafiya da ƙwallo da hannu biyu, da miƙa ta, da jifa daga nesa, da saurin ƙafa. Olajuwon kansa ya sha danganta gwanintar ƙafarsa da tsaron raga da ya yi a ƙwallon ƙafa yana yaro, don haka ba asara ba ce dogon yaro ya taso yana buga tamaula a garin da ya fitar da ƙungiyoyin Akokana da Urana. A kula da abincinsa da takalminsa, domin filin siminti yana cin gwiwa.

Ga hukumomi kuwa, tun da gwamnati ta karɓe lasisin Imuraren a Yunin 2024 ta kuma sanar da mayar da Somair mallakin ƙasa a Yunin 2025, mutanen wannan yanki suna da haƙƙin tambayar abin da zai dawo wa 'ya'yansu. Filin ƙwallon kwando bai kai mita 30 a tsawo ba, ba ya buƙatar ciyawa balle ban ruwa, abin da ya dace da garin da ruwa ke da tsada. Fili biyu ko uku masu fitila a kusa da makarantu, da mai horarwa guda da ya san aikinsa, ba za su girgiza kasafin kuɗin kowace ma'aikatar magajin gari ba. Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata su sa wannan cikin buƙatun da suke kai wa shugabanni, tare da na ruwa da na hanyar Tawa zuwa Arlit. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu.